Dogon Bafillace na Dungas

Ranar Laraba ce, bazara, ko ganye ba ya motsi. Sambo ya iso Magarya da shanu biyu, ya ɗaure su gindin gawo, ya nufi bayan likita, wato asibiti.

Shekarar nan agana ta shiga rugage. Nasara ya sa an kafa bukkoki bayan gari, an kewaye su da ƙaya. Duk wanda ƙuraje suka fito masa, can ake kai shi. Kwana uku ke nan da gardawa, dogaran Nasara, suka tafi da ɗan Sambo.

Gardin da ke bakin shinge ya tambaye shi wa yake nema. Sambo ya dubi ƙasa. Ɗan farinsa ne. Shekara talatin bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba a gaban baƙo zai zubar da kunyar Fulani ba.

"Wani dogo, Bafillace. Ta wajen Dungas."

Gardi ya ɗan yi tunani, ya nuna bukkar ƙarshe.

Kullum da hantsi Sambo kan tatsi nono, ya dama fura, ya ajiye ƙwarya inda aka ja layi da toka. Da la'asar ta dawo a lashe. Sai ya yi hamdala, don tun yana yaro ɗan nan ba maciyi ba ne.

Mutanen gari ba sa zuwa wajen. Shi kaɗai yake sallarsa, shi kaɗai yake wuni. Wani lokaci yakan hangi mutum a bakin bukkar, lulluɓe da bargo, yana ɗaga masa hannu. Sambo ya kau da kai, kamar yadda ya kamaci uba.

A kwana na ashirin gardi ya ce mutumin nasa ya warke. Amma majo, babban ma'aikacin likitar, ba ya sallamar kowa sai ɗan'uwa ya zo ya faɗi suna an duba takarda.

Washegari Sambo ya yi alwala, ya shiga wurin majo, ya tsaya. 

"Hambali," ya ce. "Ɗana ne."

Majo ya bi takarda da yatsa, ya koma baya shafi biyu.

"Baffa, na bukkar ƙarshe Wakili ne, mutumin Kwaya, shi ma dogon Bafillace, ba shi da kowa. Hambali tun ranar da aka kawo shi muka binne shi."