Baƙin Sarki da Kakin Zuma

To, tunda ka ce ƙaryar sana'a ba ƙarya ba ce, gyara zama ka ji.

An yi wani mai rufa-ido da ke bin kasuwannin ƙauye da karta a aljihu. Hannunsa ya iya, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai ya baje wa jama'a kartar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga babu mai hoton baƙin sarki a ciki, sannan ya ce da wani ya zaro, sai ga baƙin sarki a hannunsa. Asirin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ɗan kakin zuma yake shafawa, ya manna baƙin sarkin a bayan wata karta su zama kamar guda. In ya ga dama ya murza da babban yatsa ta saki, ya tura wa wanda ya so. Da ya tsaya a nan, da ya ci tuwonsa lafiya. Amma tafi ya yi masa daɗi, ya shiga cewa aljani gare shi a cikin kartar, mai ganin abin da ke zuciyar kowa. Shekara da shekaru yana rantsuwa a kan haka, har mutanen garinsu suka daina yi masa musu. Ƙaninsa ne kaɗai, wani manomi mai sanyin hali, ke ce masa, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Shi kuwa sai dariya.

Ran nan, ana tsakiyar bazara, san noman mai unguwa ya ɓata. Gari ya ɗauki zafi, aka tasa mai rufa-ido gaba, aka ce aljaninsa ya fito da ɓarawo. In ya ce wasa ne, sana'a ta mutu, mutunci ya zube. Sai ya hango wani baƙo mai gyaran takalma da ya sauka a garin, ba dangin iya ba na baba, ya ce a ransa, wannan ko an dake shi wa zai bi kadinsa? Ya sa maza suka jeru, ya ce duk wanda baƙin sarki ya faɗa hannunsa shi ne ɓarawon. Abin da ya manta, shi kullum da la'asar yake wasansa a inuwar durumi, yau kuwa a fili aka tsayar da shi, rana tsaka, kartar na cikin tafin hannu mai gumi. Kaki ya narke. Ana gab da isowa kan baƙon, baƙin sarki ya saki don kansa, ya bi hannun wanda ke gabansa. Ƙaninsa ne.

Mai rufa-ido ya kurma ihu, ya watsa kartar a ƙasa, ya nuna musu kakin, ya manna ya ɓamɓare a kan idonsu, yana rantsuwa babu wani aljani, bai taɓa yin aljani ba. Ina! Shi da bakinsa ya koya musu kartar nan ba ta ƙarya. Suka ce ɗan'uwansa yake karewa, suka ture shi gefe, sanduna suka hau aiki. Kafin dattawa su raba an karya wa ƙanin ƙugu. Ba a jima ba aka tsinci san yana kiwo a bakin rafi, ashe igiya ya tsinke. Baƙon ya ɗaure kayansa ya ƙara gaba, bai ma san ramin da aka haƙa masa ba. Ƙanin bai sake taka ƙasa ba, bai kuma sake cewa da wansa uffan ba. Haka mai rufa-idon ya ƙare kwanansa, yana nome gonar ƙanin, yana goya shi zuwa inuwa yana mai da shi ɗaki, baƙin ciki na cinsa har ya rame.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.