Igiyar Shanya a Tsayin Ƙugu

Shekarar da idon Kaka ya rufe, a gidanmu na Lolo, sai ta daina shan ruwa. Ba azumi take ba. Kunya take ji a ja mata sanda zuwa makewayi, ita da ta yi wa rabin matan gari wankan jego. Leɓenta duk ya tsattsage.

Innata surukarta ce, bakinta ba ya iya ɗaukar wagga magana. Wata la'asar na ga ta zauna tana tufkar rama a cinya. Har yau ina jin warin ramar, irin na jiƙon da aka tsamo daga gulbi. Ta kafa turaku daga ƙofar Kaka har makewayi, ta ja igiyar a kansu.

Ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Inna, igiyar shanya na ɗaura, kada ki yi karo da ita."

Kaka ta laluba, ta ce, "Shanya a tsayin ƙugu? Zanen ƙadangaru za ki shanya?"

Innata ta sunkuyar da kai, ta koma madafa.

Yanzu ni ma idona ya fara hazo. Masu taimako suna da yawa, amma sai sun tambaye ka lalurarka gaban jama'a.

A waccan la'asar dai Kaka ta miƙe, hannunta bisa igiya, ta tahi ita kaɗai. Da ta dawo ta kira ni.

"Ke 'yar nema, kawo ruwa. Ki cika ƙwaryar."