Ƙafar Yaya

Bayan ƙofa babu komai sai shatin takalmi a kan siminti. Nan Yaya yake jingine ƙafarsa ta roba idan ya dawo daga shagon gyaran keke. Sai da masu ta'aziyya suka watse Auta ya lura ba ta nan.

Ya duba ƙarƙashin gado da saman durowa, har cikin buhun tsofaffin tayoyi, bai gan ta ba.

Ƙafar nan ta ga duniya. Tun da motar kaya ta ɗauke wa Yaya ta hagu, da ita ya koma hawan keke, da ita yake tsaron gida a ƙwallon unguwa. Da idon sawunta ya saki, wayar birki ja ya samu ya ɗaure. Tun daga nan take cewa ƙit, ƙit, har ɗansa kan san ya iso kafin ya yi sallama. Duk lokacin da Auta ya tsine wa direban, Yaya kan ce, "Ƙyale shi, Auta. Shi ma bai fita lafiya ba."

A watansa na ƙarshe, ciwon ciki ya rage shi, ya koma kan sanduna. Wai ƙafar tana wajen gyara.

"Anti, ina ƙafar Yaya?"

Matar Yaya ba ta ɗago daga wankin da take yi ba. "Ba ta nan."

"Na ga ba ta nan. Ƙafa dai ba ta tafiya ita kaɗai."

"Wannan kam ta saba," in ji ta, ta juya baya tana goge ido da gefen zane.

Zuciyar Auta ta ƙi kwanciya. Ya ga sabon takalmin makaranta a ƙafar yaron. Ya ji tana waya ƙasa-ƙasa tana tambayar wani ko ta daina matsa shi. Mai haɗa ƙafafun roba ma da ya gan shi sai ya duƙufa kan aikinsa, ya ce ya tambayi gida. Auta ya yanke shawara: zai tara dangi ya ce ta sayar da ƙafar mamaci, ko da hakan zai sa ta ɗauki yaron ta tafi.

Yana hanyar gidan kawunsu ya ji ta, ƙit, ƙit. Har ya kusa kiran sunan da ba mai amsawa.

Wani dattijo ne da tukunyar gas a kafaɗa, yana hawan benen wani gida da sauri kamar saurayi. Ƙarƙashin wandonsa jar waya tana leƙe. Auta ya jira shi a ƙasa, ya cafki rigarsa.

"Nawa ka ba ta?"

Mutumin ya dube shi, ya daɗe. "Kai ne Auta. Goshinku ɗaya."

"Nawa, na ce!"

"Ko sisi. Yayanka ne ya zo har ɗakina a kan sanduna, ya tarar da ni kwance, shekara da shekaru ban taka waje ba. Ya ce tashi, malam, ni na gama da ita. Shi ya kai ni aka gwada ni, aka sauya mata mazauni. Wayar ce kawai na hana su cirewa."

Hannun Auta ya saki. "To me ya sa Anti ta ɓoye min?"

"Ya sa ta rantse. Ya ce idan ka san wanda ke takawa da ita, za ka cire ta da hannunka."

Dattijon ya sunkuya, ya shafa jar wayar da yatsa.

"Ni nake tuƙa motar ranar."