Shiƙar Gero a Duniyar Wata

Kai da aka ba ajin ƙananan yara kake ta murna wai sun iya hadda, ja kujera ka ji abin da ya sami wata malama. An ɗauke ta aikin gwaji a wata firamare ta bayan gari, aka ba ta 'yan aji biyu. Hedimasta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: a ƙarshen zango sufeto zai zo ya yi wa yaran tambayoyi kan darasin duniyar wata da tafiya sararin samaniya. In sun amsa, aiki ya zama nata. In sun yi shiru, sai ta kama gabanta. Ita kuwa ba ta da wata madogara sai wannan aikin. Nan da nan ta kama yara da hadda. Ta ce babu iska a wata, su amsa. Ta ce ba a ruwan sama a wata, su amsa har kwanon rufi ya ɗauka. Masu wucewa ta bakin taga suna gyaɗa kai, ita ma tana jin kanta ya yi girma.

Ana saura kwanaki kaɗan, sai ta ce kowa gobe ya zo da abin da zai riƙa in an saka shi a kumbo zuwa wata. Da safe ga yara da kaya niƙi-niƙi. Wannan ya zo da laima, waccan da mafici, wani da ashana don hura wuta. Wani ma zakaran gidansu ya rungumo, wai don kada ya makara a can. Malama ta dubi kayan nan, ta gane gaskiya. Bakin yara ya iya, amma abin bai shiga kai ba. Ta ji kunya, ta ji tsoro, har ta kai hannu ga bulala. Sai ta tuna ba yaran ne suka koyar da kansu haka ba, ta mayar da ita ta ajiye.

Maimakon duka, sai ta fitar da su tsakar makaranta. Ta karɓi ashanar, ta kunna kyandir, ta kife shi da kwalba. Suna kallo wutar ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu, ba wanda ya hura ta. Ta sa su toshe hanci su ji yadda ƙirji ke neman iska, ta nuna musu cewa abin da wuta ta rasa a kwalba shi zakara zai rasa a wata, shi ya sa 'yan sama jannati ke goyon iskarsu a baya. Ta tankaɗe toka a faranti biyu, yara suka taka. Ɗaya ta bari a waje, ɗaya ta rufe da roba. Kashegari iska ta share sawun na waje, na wanda aka rufe kuwa yana nan har da zanen yatsu. Ta ce haka sawu ke daɗewa a wata, tunda babu iskar da za ta share shi. Ta cika buhu da gero mudu shida, babban cikinsu ya yi nishi bai ɗaga ba. Ta kwashe biyar ta bar ɗaya, 'yar autar aji ta sure shi da hannu guda. Ta ce haka buhun nan cikakke zai yi nauyi a wata. Ranar ma ba wanda ya rera komai, amma har aka tashi ba su daina tambaya ba.

Ran da sufeto ya zo, ashe mutum ne da ya gaji da jin hadda. Bai ko buɗe littafi ba. Ya dubi yara ya ce, in mace ta sussuke geronta a wata, yaya za ta yi shiƙa? Wannan tambaya ba ta cikin abin da aka koya musu. Yara suka dubi juna, malama ta sunkuyar da kai. Can sai wata 'yar yarinya mai giɓi ta miƙe. "Malam, ai ba za ta shiƙu ba. Tsaba da ƙaiƙayi tare za su faɗo, tunda babu iskar da za ta raba su. Sai dai ta tafi da garinta daga gida." Kafin ta zauna wani ya ɗaga murya daga baya: "Garin ma banza ne, wuta ba za ta kama ba. Ta tafi da tuwon a dafe!" Sufeto ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya tafa musu da hannunsa. Kafin ya hau babur ɗinsa ya sa hannu a takardar tabbatar wa malama aiki, ya kuma ce a turo malaman makarantun kusa su zo su ga yadda take yi. Ta koma aji tana kuka da dariya lokaci guda, yara na tsalle wai tafiyar wata suke yi.

To, in ka shiga ajinka gobe, kada ƙarar amshi ta ruɗe ka. Hausawa sun riga mu faɗa: gani ya kori ji.