Kuɓewar da ta ƙi jiƙa

An yi wata tsohuwa da ta baro ƙauyensu na arewa shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, ta biyo ɗanta zuwa garin da ba ta san kowa ba. Kayan da ta ɗauko ba su taka kara sun karya ba: tabarma, da ƙwarya, da ƙullin tsumma mai irin kuɓewar mahaifiyarta, wata 'yar gajeruwa ja mai yauƙi, wadda a can take fitowa da kanta a bayan ɗaki ba wanda ya shuka. Kuɓewa kam ga ta nan jibge a kasuwar garin, dogaye masu kyan gani, amma duk miyar da matar ɗanta ta kaɗa, loma biyu tsohuwa take yi ta wanke hannu. Ba raini ba ne, kewa ce ke cin ta. Burinta dai ta sake jin ɗanɗanon miyar gidansu ko sau ɗaya kafin ta koma ga Mahaliccinta. To, da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba, ta kwance ƙullin ta juye shi kaf a ƙwarya ta jiƙa. Kashegari fiye da rabi sun kumbura, saura kuwa suna nan ƙam kamar tsakuwa. Ta tsince su tana tsaki, ta ce, "Ku kuma taurin kan wa kuka gado?" Ta watsar da su gindin katanga, ta shuka masu kumburin. Kwana biyar suka fito reras, har tsohuwa ta fara tanadin daddawa. Sai sama ta ɗauke. Mako uku cur ba ɗigo, rana tana dukan ƙasa. Ta yi ta rage ruwan butarta tana tsiyaya musu, amma ina! Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Ta zauna da tsumman wofi a cinya, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ta baro gida.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta gasa gindin katangar nan son ranta. Da ruwa ya zauna sosai a shekara ta biyu, wata safiya tsohuwa ta je shanya, sai ta ga tsiro huɗu masu jan kara sun leƙo daga inda ta yi watsi. Ta durƙusa ta daɗe tana shafa ganyen. Abin da ta manta, ko kuwa ɗoki ya mantar da ita, shi ne shukar da ta tashi a ƙasar da ruwa ba ya da alkawari ba ta tura 'ya'yanta waje rana ɗaya. Wasu ta ba su ɓawo mai laushi, su yi sammako ko Allah zai sa a dace. Wasu ta ɗaure su da ɓawo mai tauri, sai zafi da sanyi sun tsaga shi, shekara ɗaya, biyu, har uku, don in ruwan ƙarya ya cinye na gaba a samu masu riƙe gida. 'Ya'yan farko da tsiron nan huɗu suka yi, tsohuwa ba ta taɓa su ba, ta bar su suka bushe a jiki saboda iri. Na biyu ta kaɗa da hannunta, ta cinye tas, ta nemi ƙarin tuwo, hawaye na sauka cikin akushi. Ƙauyen nan ba ta ƙara ganinsa ba, amma badi ma wasu biyu suka sake fitowa a gindin katangar. Gaskiyar masu iya magana: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.