Duman Baƙon Koriya

Ilimi haske ne, wannan babu mai musu. Sai dai duma bai taɓa shiga aji ba. Tunda ka ce karatun wata biyu ya isa a kira ka gwani, Alhaji, gyara zama in ba ka misali.

Wani mutumin Koriya, ɗan birni, ya zo gyaran injinan ban ruwa a wani ƙauye na bakin kogi. Turanci yake koyo daga wani ɗan littafi, kalma guda kowace rana, kamar mai shan magani. Ya shuka duma a bayan ɗakinsa, don ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin tsarabar gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai suna yawo bisa ruwa. Da rana yakan zauna a inuwa yana kallon duman, har ya riƙa hango mahaifiyar tasa a kan goran tana ratsa kogin garinsu da sanyin safiya, furanni na zubo mata a ka, maƙwabta sun yi cirko-cirko a gaɓa. Wata rana littafin ya ba shi kalmar da Turawa ke faɗa wa abin da ya gama girma, babu saura. Ya duba ko'ina bai ga wanda ta dace da shi ba sai dumansa, wanda a lokacin ya kai tulu. Kullum da safe sai ya je ya faɗa masa ita. Duman dai bai musa ba.

Tsohuwar da ke fafe ƙwarya a ƙauyen ta zo ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kasa kunne, ta ce a bari igiyarsa ta bushe tukuna, sannan a yanke ya sha rana. Ya buɗe mata littafin ya nuna kalmar, wani mai tafinta ya yi mata bayani. Ta ce, "Ɗana, girma daban, ƙosawa daban." Ranar da motar tafiyarsa ta iso, ya sa wuƙa ya yanke shi ɗanye, ya kwashe cikin da cokali, ya naɗe shi da rigunansa masu kyau, ya rufe a babban akwati. Kafin su kai Kano goran ya lotsa, ya fara tsiyaya. A filin jirgi ma'aikata suka buɗe akwatin, suka ɗan ja da baya. Abin da ya isa hannun mahaifiyarsa shi ne littafin, shi ma da ɗan wari.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.