Gwiwar Yaya Ladidi

Tun da aka sa wa kowane gida akwatin gaisuwa, mutanen Gumel suka huta da yawon zumunci. Kowace safiya akwatinka zai gaida na ɗan'uwanka, ya kawo maka amsa da muryarsa.

Inna Tasalla dai ba ta yarda da abin da ba ta san cikinsa ba, shi ya sa ta shiga ajin koyon kwamfuta na manya. Ran nan malaminsu, Malam Sadisu, ya jera akwatuna biyu a kan tebur, ya haɗa su da waya.

Ya ce, "Kin ga, Inna, wannan zai yi sallama, wancan ya amsa, sannan saƙo ya wuce. Haka na'urori ke hira a duk duniya."

"To, mai gidan fa, yaushe ake tambayarsa?"

"Ba sai an dame shi ba. Wa aka taɓa gaisarwa ya ce ba lafiya?"

Inna ta matso tana leƙen 'yar fitilar da ke ƙyaftawa. "In ciwo ya kwantar da shi fa? In ya rasu?"

Malam ya sosa ƙeya. "Muddin akwai wuta, akwatin zai amsa."

Nan take Inna ta tuna wani abu. Yayarta Ladidi da ke Maigatari ba ta taɓa gama gaisuwa ba tare da kukan ciwon gwiwa ba. Amma tun bara, a gaisuwar da akwati ke kawowa, ba ta ambaci gwiwar nan ba.

Inna ta yafa mayafinta.

"Inna, ba mu tashi ba tukuna."

"Ajiye mini kujerata, Malam. Tasha za ni."